Babi na Bakwai: Ƙato da Jirginsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gulbin Zamfara da damina, ko a Anka ko a Bukkuyum ko a Gummi, ya san yadda mai fito yake tuƙi. Ba ya zama. A gindin jirgi yake tsayawa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya soka gwangwala har ƙasa ya tura, in zurfi ya fi ƙarfin sanda ya ɗauki filafili. Tuƙin tsaye tsohon abu ne a ƙasar Zamfara, gado ne na masunta da 'yan fito. Abin da yake sabo shi ne, a wasu ƙasashe an mai da wannan tsayuwa wasan tsere, an ƙera mata allo na musamman, an bi kowane sashe nasa da ma'auni, har aka gano dalilin abin da mutanen ruwa suka daɗe da sani a jikinsu: jirgin da ya yi gudu da siririn saurayi, in ƙato ya hau shi sai halinsa ya canja.

Tambayar wannan babi guda ɗaya ce. Mutum mai jiki, wanda ya kai kilo 95 ko 100 ko fiye, wane allo ko wane jirgi ya dace da shi in gudu yake nema? An saba ɗora wa irin wannan mutum laifi, a ce ya cika nauyi, a ce ruwa ba fagensa ba ne. Galibi laifin yana ga abin hawan da aka ba shi, wanda aka auna da jikin wani. In muka fahimci wannan a fagen tsere, za mu fahimce shi a mashigin gulbi, inda abin da ake rasawa ya wuce kofi ko tuta.

Lissafin da ruwa yake yi

Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis, wanda ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili ya kuma mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya fara rubuta ƙa'idar. Duk abin da yake yawo a kan ruwa, sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa nauyin. Lita ɗaya ta ruwan gulbi kilo ɗaya ce. Saboda haka in saurayi mai kilo 65 ya hau allo mai kilo 12, allon zai lume har sai ya ture lita 77. In mai kilo 100 ya hau wannan allon, sai ya ture lita 112. Wannan ƙarin lita 35 ba ta da inda za ta fito sai ta hanyar ƙara lumewa. Ruwan teku, saboda gishirinsa, ya ɗan fi ɗaukar kaya, da kamar kashi 2.5 cikin 100. Wanda zai shiga ruwan madatsar Bakolori ko na gulbi sai ya tuna cewa nasa ruwan bai kai na teku tallafi ba.

Masuntan Kabi ba su jira Arkimidis ba. Wanda ya gan su a kogin Matan Fada na Argungu ya ga kowa rungume da gorarsa, homa a hannu. Yaro yana kwanciya a kan ƙaramar gora ta riƙe shi, amma magidanci mai ƙirji sai ya nemi babba, don iskar da ke cikin gora ita ce ke ɗauke da shi, kuma kowace lita ta iskar kilo ɗaya take iya tallafa. Wanda ya zaɓi gorar da ba ta kai shi ba, rabin ƙarfinsa a neman numfashi zai ƙare, kifi kuwa sai na wasu.

Nauyi yana jawo wa abin hawa abu uku. Na farko, yawan jikin jirgin da ke cikin ruwa yana ƙaruwa, ruwa kuma yana goga da duk inda ya taɓa, yana jan sa baya. Na biyu, jirgin da ya lume yana tura igiyar ruwa mafi girma a gabansa, kuma ƙarfin matuƙi ne ke biyan kuɗin tayar da ita. Na uku, wanda ya fi damun mai tuƙin tsaye, shi ne tangaɗi. Gwargwadon yadda kaya ya ƙaru a kan jirgi mai faɗi iri ɗaya, gwargwadon yadda natsuwarsa ke raguwa. In aka ƙara da cewa ƙato yawanci dogo ne, nauyinsa yana can sama a ƙirji da kafaɗa, sai abin ya zame masa biyu.

Allon da ya zo daga Hawai

A tsakiyar ƙarni na 20, samarin da ke koya wa baƙi hawan igiyar teku a gaɓar Waikiki da ke tsibirin Oahu a jihar Hawai ta Amurka sukan tsaya a kan dogayen alluna da filafili a hannu, don su hangi ɗalibansu su kuma ɗauke su hoto. Abin ya kwanta na tsawon lokaci, sai a farkon shekarun 2000 gwanayen teku irin su Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi. Cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa tafkuna da koguna, inda babu igiyar teku ko kaɗan. An yi gasar duniya ta farko a ƙasar Peru a 2012, ƙungiyar wasannin kwale-kwale ta duniya kuma ta shirya tata a birnin Qingdao na ƙasar Sin a 2019. Akwai tseren mita 200, akwai na ƙetare teku daga tsibirin Molokai zuwa Oahu, mil 32, wato sama da kilomita 50. A Holan ana yin na garuruwa 11, kilomita 220 cikin kwana 5.

Allon tsere dogo ne siriri. Cikinsa soso ne mara nauyi ko kuma iska zalla, an naɗe shi da zaren kabon ko zaren gilashi an shafe da danƙo mai tauri. Nauyinsa yakan tsaya tsakanin kilo 10 da 13, mutum ɗaya ke ɗaukarsa a hammata. A ƙarƙashin wutsiyarsa akwai ɗan fiffike guda da ke hana shi karkacewa, akwai kuma igiya da ake ɗaura wa matuƙi a ƙafa don kada allo ya tsere masa in ya faɗi. Mai neman allo yana duba abu huɗu: tsawo, faɗi, girman ciki, da siffa.

Tsawo

Dokar gasa ta tsaida tsawo biyu da aka fi sani: ƙafa 12 da inci 6, wato mita 3.81, da ƙafa 14, wato mita 4.27. Wani injiniyan jiragen ruwa na Ingila a ƙarni na 19, William Froude, ya nuna cewa gudun jirgi yana da alaƙa da tsawon jikinsa da ke kwance a ruwa. Jirgi yana tafe yana haifar da igiya, in gudunsa ya kai inda tsawon igiyar ya yi daidai da tsawonsa, sai ƙarin gudu ya yi tsada ƙwarai. Ga allo mai ƙafa 14, wannan kan iyaka tana wajen kilomita 9.3 a awa. Ga mai ƙafa 12 da rabi, wajen 8.8 ce. Gwanaye suna wuce ta, amma da gumi.

Ga mai jiki, nan babu dogon shawara. Dogon allo ya fi, don bayan gudun da yake bayarwa yana shimfiɗa nauyi a kan ruwa mai yawa, lumewa ta ragu. Gajeren allo an fi barinsa ga yara da masu ƙaramin jiki.

Faɗi

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Zakarun duniya, waɗanda galibi jikinsu matsakaici ne kuma sun shekara suna horo, suna hawan allo mai faɗin inci 21 zuwa 23, wato santimita 53 zuwa 58. Sabon shiga sai ya ga hoton zakara ya ce shi ma irin wannan yake so. Ya hau, ƙafafunsa su kama rawa, duk hankalinsa ya koma ga kada ya faɗi, bugun filafilinsa ya zama rabi-rabi. In ya faɗi sau biyu, wanda ya raina saboda faffaɗan allo ya riga ya yi masa nisa.

Natsuwar allo ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da faɗinsa, tsalle take yi. Masu lissafi sun nuna cewa in ana son sanin ta, sai a ninka faɗin a kansa har sau uku. Ɗauki allo mai santimita 58 da mai santimita 66. Bambancinsu santimita 8 ne, bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma na biyun ya fi na farkon natsuwa da kusan rabi. Shi ya sa mutum mai kilo 95 zuwa 110 yakan fi samun kansa a kan allo mai inci 25 zuwa 28, wato santimita 63 zuwa 71, gwargwadon ƙwarewarsa da halin ruwan da zai shiga.

Faɗi ma yana da nasa haraji. Yana ƙara jan ruwa, kuma in ya yi yawa filafili ba ya shiga ruwa a miƙe, sai allo ya riƙa tafiya yana karkata hagu da dama. Sai dai a nan Allah ya yi wa ƙato rangwame: faɗin kafaɗarsa da tsawon hannunsa suna ba shi damar miƙa filafili a tsaye ta gefen allon da zai gagari ƙaramin mutum. Ƙa'idar dai ita ce, allon da ya fi gudu shi ne mafi sirantar wanda mutum zai iya tsayawa a kansa daga farkon tsere har ƙarshe, a gajiye, cikin iska, yana tuƙi da dukkan ƙarfinsa.

Ciki

Kowane allo ana rubuta girman cikinsa da lita. Na tsere masu ƙafa 14 sukan kama daga wajen lita 250 zuwa 350. Masu sana'ar sukan ba da shawara cewa litar allo ta kai kamar ninki uku na kilon mahayinsa. Mai kilo 100 ke nan sai ya dubi allo mai lita 300 ko fiye. Ragowar da ke saman ruwa ajiya ce: ita ke ɗaga hanci in igiya ta taso, ita ke mai da allo daidai in ya kwanta gefe.

Lamba kaɗai ba ta wadatar, sai an duba inda aka zuba cikin. Allon da cikinsa ya taru a hanci, wutsiyarsa ta tsuke, zai nutse ta baya duk lokacin da mai nauyi ya ja da baya don ya juya. Wanda wutsiyarsa take da faɗi, gefunansa suke da kauri, shi ne abokin tafiyar ƙato.

Siffa da tauri

Kamfanoni sun raba allunan tsere gida biyu. Akwai na kwantaccen ruwa, masu tsinin hanci da ke yanka ruwa, irin Sprint na Starboard da Ninja na NSP. Akwai na kowane irin ruwa, masu kumburarren hanci da ke hawa kan igiya, irin All Star na Starboard, da RS na SIC, da Blackfish na Infinity. Kowane ɗayansu ana yin sa da faɗi dabam-dabam, saboda haka sunan allo ba ya gaya wa mutum komai sai ya ji faɗinsa da litarsa. A madatsar Bakolori da sanyin safiya, ruwa kwance, mai tsinin hanci zai yi gaba. Da la'asar in iska ta taso, mai nauyi zai ga hancin nan yana nutsewa cikin igiya yana birkita shi, a nan kumburarren hanci ya fi amfani. Wanda allo ɗaya kaɗai zai iya mallaka, na kowane irin ruwa ya fi masa.

Akwai kuma bambanci a wurin tsayuwa. Wasu allunan samansu a shafe yake, wasu an kwarmatse inda ƙafa take don matuƙi ya sauko kusa da ruwa, gefuna su taso su kare shi. Wannan kwarmi yana ƙara natsuwa sosai, yana barin mutum ya hau allon da ya ɗan fi siranta. Amma mai nauyi ya lura da abu biyu. Kwarmin yana da 'yan ramuka da ruwa ke fita ta cikinsu, in nauyi ya danna allon har ramukan suka koma ƙarƙashin ruwa, sai su zama ƙofar shigowa, mutum ya yi tsere tsaye cikin ruwa. Sa'an nan in ya faɗi, hawa ta kan gefuna masu tsayi ya fi wuya.

Saura allon da ake hura wa iska. Dubban zare ne suka haɗa samansa da ƙasansa ta ciki, kaurinsa wajen santimita 15, ana ba shi iska 15 zuwa 20 a ma'aunin masu faci, wato kamar rabin ta tayar ƙaramar mota. Ana naɗe shi a jaka a ɗora a babur, in ya bugi dutse ko kututture ba ya tsagewa, farashinsa kuma ya fi sauƙi. Ga gulaben da ke da duwatsu da itace a ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don allon kabon bugu ɗaya ke fasa shi. Aibinsa lanƙwasa. Mai kilo 100 in ya tsaya a tsakiya sai allon ya ɗan lotsa, hanci da wutsiya su ɗaga, wani kaso na kowane bugu ya tafi a banza. Mai jiki da ya zaɓi wannan sai ya nemi mai ninki biyu na fata ko mai abin ƙarin tauri a gefe, ya kuma cika iskar har iyakar da aka rubuta.

Girma ba naƙasa ba ne

Kada wannan bayani ya sa a zaci ƙato ba shi da rabo a ruwa. A tseren jiragen da ake tuƙawa a zaune, manyan mutane ne ke lashe gasa, har ya zama dole aka ware wa masu ƙaramin jiki nasu aji don su ma su samu shiga. A gasar Olamfik wannan aji ya wanzu daga 1996 zuwa 2024, kuma namijin da ya wuce kilo 72.5 ba ya shigarsa. Dalili a fili yake: babban jiki yana da babban huhu da dogon hannu, kuma a wancan wasa ana ƙera jirgi gwargwadon nauyin waɗanda za su hau shi. Doki ma haka ne, ingarman da ya dace da jibgegen mahayi dabam yake da wanda ake ɗora wa yaro ranar sukuwa.

Abin da ya takure ƙato a tseren allo shi ne dokar da ta tsaida tsawo a ƙafa 14 ga kowa, da kuma tsayuwar kanta. Duk da haka yana da wuraren da ba a kama shi. In ana tuƙi ana fuskantar iska, ko ruwa ya yi 'yan tsalle-tsalle, ƙaramin mutum kowace igiya tana tsaida shi, mai nauyi kuwa ratsawa yake yi.

Namu jiragen

A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, sai ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi. Kwale-kwale ne, shekarunsa wajen 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita, hancinsa da gindinsa an fiƙe su da kyau. Wato tsawonsa ya ninka faɗinsa kusan sau 17, alhali na allon tseren yau bai wuce sau 7 ko 8 ba. Masassaƙin da ya yi shi ya san cewa dogo siriri shi ke gudu, kuma ya san cewa wanda ƙafarsa take cikin kwarmi ya fi wanda ke sama natsuwa.

Jirgin sassaƙa, wanda ake fafewa da gizago daga gungumen maɗaci ko maje, har yau yana da waɗannan halaye. Ƙasansa a zagaye yake, yana da santsin tafiya, yana da tangaɗi da farko amma in ya kwanta gefe yakan tsaya. Iyakarsa ita ce kaurin itacen: faɗin jirgi ba ya wuce faɗin gungume. Manyan itatuwa kuwa sun yi ƙaranci a dazukanmu, saboda haka jiragen sassaƙa na yanzu sun fi na da ƙanƙanta, kuma mai jiki shi ya fara jin wannan a ƙafarsa. Jirgin katako, wanda kafinta ke haɗawa da ƙusa ya toshe da kwalta, ba shi da wannan iyaka. Ana iya yi masa faɗin da ake so, ƙasansa a shafe, yana ɗaukar kaya, ƙato yana tsayawa a cikinsa hankali kwance. Amma bai kai na sassaƙa gudu ba, kuma natsuwarsa tana da yaudara: yana nan daram har sai gefe ya taɓa ruwa, daga nan sai kifewa farat ɗaya.

Mai jiki da ke son jirgin gudu na katako, abin da zai gaya wa kafinta shi ne abin da mai sayen allo ke dubawa. A ƙara tsawo kafin a ƙara faɗi. A ƙara faɗi kaɗan, kamar tafin hannu, don kaɗan ɗin yana aiki da yawa. A ɗaga gefuna. A bar gindin jirgi da cika, tun da can matuƙi ke tsayawa, in ba haka ba gindi ya lume hanci ya ɗaga sama, jirgi ya riƙa jan ruwa a bayansa. 'Yan fito sun san maganin wannan, shi ya sa suke tura buhu ko yaro can gaba.

Fagen gwada waɗannan abubuwa yana kusa da mu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, yana da wasannin Kabanci da suka haɗa da tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa. A Yawuri akwai bikin Rigata, inda jirage masu matuƙa da yawa ke karawa. A irin wannan tsere na taron dangi, wurin ƙarfafa tsakiyar jirgi ne, inda ya fi faɗi ya fi ɗaukar nauyi, masu sauƙin jiki su yi gaba, gwanin sarrafawa ya riƙe baya. Duk ranar da zaman lafiya ya dawo ƙasar Zamfara har samarin Gummi da Bukkuyum da Anka suka shirya nasu tseren, ya kamata a raba shi aji-aji bisa nauyi, a kuma bar kowa ya zo da jirgin da aka auna da jikinsa.

Mashigin Gummi

Ranar Asabar 14 ga Satumba 2024, da safe, jirgin katako ɗauke da manoma fiye da 50 ya kife a gulbi kusa da garin Gummi. Gona za su. Gommai daga cikinsu ba su koma gida ba. Rahotannin lokacin sun ce manoma fiye da 900 ne ke ƙetare wannan ruwa kullum, jirage biyu kacal ke fiton su. Kafin nan an yi na Warrah a jihar Kabi a watan Mayun 2021, inda mutum fiye da 100 suka salwanta, da na Bagwai a jihar Kano a watan Nuwamban 2021, wanda yawancin waɗanda ya ci ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu da rahama.

Lissafin da ke rage wa mai tsere gudu shi ne ke kifar da jirgin fito. Mu ɗauki misali. Jirgi mai tsawon mita 10 da faɗin mita ɗaya da rabi, duk kilo 100 da aka ɗora masa yana lumewa wajen santimita ɗaya. A ce in babu kowa a ciki, gefensa yana sama da ruwa da santimita 40. Mutum 30 masu kilo 65 za su cinye kusan rabin wannan, saura santimita 20, jirgi yana da sauran numfashi. Mutum 50 za su cinye fiye da 32, saura bai kai 8 ba, yatsu huɗu ke nan tsakanin jama'a da gulbi. A ƙara fartanya da galma, da buhun taki, da babur guda. A ƙara cewa in wuri ya cika mutane tsayawa suke yi, nauyi ya hau sama. A ƙara ruwan da ya yoyo ya taru a ciki, wanda in jirgi ya karkata duk sai ya kwarara gefe guda. Daga nan igiya ɗaya ta isa, ko mutum uku su matsa gefe lokaci ɗaya.

Ƙidayar kawuna ba ta isa ma'auni, don mutum 30 na ranar shuka ba su ne mutum 30 na ranar girbi da buhunansu ba. Ingila ta sha irin wannan asara a ƙarni na 19, masu jirage suna lodi fiye da kima, ma'aikata suna halaka, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya dage aka yi doka a 1876 cewa kowane jirgi a zana masa layi a jiki, alamar iyakar lodinsa. Har gobe manyan jiragen teku suna ɗauke da wannan layi. Amfaninsa shi ne ba ya bukatar sikeli ko karatu. Tsohuwa da yaro duk suna iya duba gefen jirgi su ga ko ruwa ya haye fenti.

Wannan abu ne da za mu iya yi da hannunmu. Sarkin ruwa da dattawan 'yan fito na kowane mashigi sun san iya kayan da kowane jirgi ke ɗauka lafiya. A loda shi zuwa nan a gaban jama'a, a ja layi da jan fenti hagu da dama, a yi yarjejeniya a gaban hakimi da limami cewa in ruwa ya taɓa layin jirgi ba ya tashi, ko wane ne ya rage a gaɓa. Rigar kariya daga nutsewa ita ma tana da girma-girma, ta yaro ba ta riƙe magidanci, saboda haka in za a raba ta a raba da lura. Layi kuma ba ya ƙara yawan jirage. Muddin ɗaruruwan manoma suna jiran jirgi biyu, rana tana yi, gona tana jira, za a matsa wa mai fito ya ƙara mutum ɗaya. Wannan nauyi yana kan ƙananan hukumomi da gwamnatin jiha da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 take da hedikwata a Lakwaja: a ƙara jirage masu girman da ya dace da jama'ar kowane mashigi, inda kuma jama'a suka fi ƙarfin fito a yi gada.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin auna jirage da toshe su da ja musu layi shi ne rani, sa'ad da gulbi ya janye suna kife a kan yashi, kafintoci suna da sarari. Garin da ya bari sai ruwan Agusta ya cika ya makara da shekara guda.